Yaushe ake kai hari a wasan ces? Amsa ga mai nazarin wasannin manya

Wani ɗan'uwa ya aiko da wannan tambaya: "Na kusa shekara biyu ina buga ces, galibi a waya. Ina yawan kallon wasannin manyan 'yan wasa, in ga sun ba da doki ko sarauniya sun kashe sarki, abin ya burge ni. Amma in na zauna nawa wasan, ko dai in yi ta jujjuya 'ya'ya ban kai hari ba har a cinye ni, ko kuma in ba da ɗa a banza. An ce in riƙa neman muhimmin lokaci a wasannin manya. Mene ne shi, kuma yaya ake gane shi?"

Ɗan'uwa, wanda ya ba ka wannan shawara ya san wasa, sai dai ya sauke ka a rabin hanya. Bari in ƙarasa da kai.

A wasa mai taku arba'in, yawancin takun ba su da wani nauyi. Akwai uku ko huɗu da za ka iya bugawa kuma duk su yi daidai. Amma akan zo wuri biyu ko uku inda taku ɗaya tak ke riƙe da komai: in ka same shi wasan ya karkato gare ka, in ka wuce shi damar ta tafi ke nan, ko da kuwa ba ka yi asarar ko soja ɗaya ba. Wannan wurin ake nufi da muhimmin lokaci. Abin da na lura da shi a wurin masu koyo, kuma na ji ƙamshinsa a tambayarka, shi ne idonsu yana kan takun da ya fi ƙyalli, wato inda aka ba da sarauniya aka kashe sarki. Alhali a mafi yawan wasannin nan, kafin a zo wurin an riga an gama magana tun taku biyar ko takwas baya. Wanda ya je gona ranar girbi kaɗai zai ga dami, amma ba zai koyi noma ba.

Mu daidaita harshe tukuna. Ni ina cewa sarki, sarauniya, ruk, bishof, doki da soja, gidajen allo kuwa da harafi da lamba kamar yadda kake gani a wayarka. A rubutun taku K sarki ne, Q sarauniya, R ruk, B bishof, N doki, soja ba shi da harafi. Alamar x tana nufin an ci, + cek ne, wato an auna sarki kai tsaye (in ba shi da mafita sai a ce cekmet ko mat, wasa ya ƙare), O-O da O-O-O kuma kasilin, wato takun da sarki da ruk ke motsawa tare don sarki ya fake a gefe. In kana da allo na gaske ka ɗauko shi, domin abin da ke tafe ba a karanta shi a kishingiɗe.

Paris, 1858. Paul Morphy, ɗan New Orleans ta Amurka, yana da shekara 21. A gidan wasan opera wasu masu sarauta biyu, Duke na Brunswick da Count Isouard, suka haɗa kai suna shawara suka buga da shi. Morphy ke da fari.

1.e4 e5 2.Nf3 d6 3.d4 Bg4 4.dxe5 Bxf3 5.Qxf3 dxe5 6.Bc4 Nf6 7.Qb3 Qe7

Tsaya nan, kada ka leƙa gaba. Sarauniyar fari tana kallon sojan b7, kuma ba mai gadinsa. In na sa wa ɗalibai wannan matsayi, kusan kowa hannunsa can yake zuwa. Ba laifi ba ne a lissafi: ka ci sojan, baƙi ya ba ka cek da sarauniya a b4, dole a yi musayar sarauniyoyi, ka fita da ribar soja ɗaya, wataƙila ka ci wasan bayan doguwar wahala. Amma harin ya mutu. Morphy ya dubi wani abu daban. Sarauniyar baƙi da ta zo e7 ta toshe wa bishof ɗinta na f8 hanya, muddin bishof bai fita ba kuwa sarki ba zai yi kasilin ta wannan gefe ba. Ke nan sarkin baƙi zai daɗe a tsakiyar allo. Sai ya buga 8.Nc3, ya fito da wani ɗa, ya kuma rufe hanyar wancan cek ɗin na b4, ta yadda yanzu barazanar cin b7 ta zama ta gaske. Taku ne marar hayaniya, ba wanda zai ɗauki hotonsa ya yaɗa, amma shi ne shawara ta farko da ta gina wasan.

8...c6 9.Bg5 b5

Tsayawa ta biyu. Soja ya taso wa bishof ɗinka na c4, abin da jiki zai gaya maka shi ne ka janye shi. Kafin ka janye, yi ƙirga. Fari yana da sarauniya, bishof biyu da doki duk a fili, kuma da kasilin ɗaya ta dogon gefe ruk zai sauka a d1, kan layin da babu soja ko ɗaya a kansa. Baƙi fa? Doki ɗaya ne a waje, shi ma a ɗaure, domin in ya motsa bishof na g5 zai ci sarauniya. Ɗayan dokin, da bishof, da ruk biyu duk suna gida ba su ko sa takalmi ba. In ka ja da baya, baƙi zai fito da doki d7, ya fara kwance kansa a hankali, nan da taku uku ko huɗu abin da kake taƙama da shi ya narke. Shi ya sa Morphy ya buga 10.Nxb5. A takarda ya ba da doki ya karɓi soja biyu. A kan allo kuwa ya sayi hanya zuwa ga sarki, a daidai lokacin da masu tsaron sarkin ba su iso ba.

10...cxb5 11.Bxb5+ Nbd7 12.O-O-O Rd8 13.Rxd7 Rxd7 14.Rd1 Qe6 15.Bxd7+ Nxd7 16.Qb8+ Nxb8 17.Rd8, cekmet.

Kowa 16.Qb8+ yake yabawa, kuma ta cancanci yabo. Amma in ka ba wa matsakaicin ɗan wasa wannan matsayin ka ce masa akwai mat a taku biyu, zai gano ta cikin minti ɗaya ko biyu. Abin da ba zai gano da kansa ba shi ne taku na 8 da na 10. Ka kuma lura da 14.Rd1: an cinye ruk ɗaya, nan take ɗan'uwansa ya maye gurbinsa, ba a bar kowa a gida ba. Da wasan ya ƙare, bishof na f8 da ruk na h8 na baƙi ba su taɓa motsawa ba ko sau ɗaya, Morphy kuwa ruk ɗaya da bishof ɗaya suka rage masa, kuma su suka yi kisan.

Daga nan za ka ɗauki tambayar da na fi dogara da ita wajen gane muhimmin lokaci. Duk sanda ka ji kamar kana da rinjaye, ka tambayi kanka: in na ba abokin karawata taku biyu kyauta, me zai gyara? In amsar ita ce zai yi kasilin, ko zai dawo da doki kusa da sarkinsa, ko zai toshe layin nan, komai ya koma daidai, to yanzu ne lokacin, kuma wajibi ne ka nemi taku mai tilastawa ko da zai ci maka soja ko doki. In kuwa ka ga ko taku goma ka ba shi ba zai iya gyara lalurar ba, kamar sojan da ya maƙale shi kaɗai ko bishof da sojojinsa suka rufe, babu gaggawa, ka ci gaba da tara 'ya'ya. Cututtukan nan biyu da ka ambata, jujjuya 'ya'ya da ba da ɗa a banza, tushensu ɗaya ne: rashin bambance rinjayen da ke gudu da rinjayen da ke zaune.

Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, shi ya fi kowa nanata wannan a zamaninsa. Koyarwarsa ita ce hari ba ya tasowa daga jin ƙarfin zuciya, sai an sami rauni a wurin abokin karawa, kuma wanda ya sami rinjaye tilas ne ya kai hari, in ba haka ba rinjayen ya zube. Mu Hausawa mun riga mun faɗi rabin farko: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma Steinitz ya nuna abin a aikace a gasar Hastings ta Ingila a 1895, yana da shekara 59, shekara guda bayan ya rasa kambunsa a hannun Emanuel Lasker. Abokin karawarsa Curt von Bardeleben ne.

1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Bc5 4.c3 Nf6 5.d4 exd4 6.cxd4 Bb4+ 7.Nc3 d5 8.exd5 Nxd5 9.O-O Be6 10.Bg5 Be7 11.Bxd5 Bxd5 12.Nxd5 Qxd5 13.Bxe7 Nxe7 14.Re1 f6 15.Qe2 Qd7 16.Rac1 c6

Wannan matsayin na fi so in sa wa mutum, domin a ido ba ya kama da wurin hari ko kaɗan. An yi musaya da yawa. Kowa yana da sarauniya, ruk biyu, doki ɗaya da soja shida. Fari ma yana da lalura, sojansa na d4 shi kaɗai ne ba mai tallafa masa daga gefe, in aka je ƙarshen wasa zai zama kaya. To yi waccan tambayar. Baƙi ba zai iya kasilin ba, domin in sarki ya bar dokin e7 za a cinye shi. Amma yana da wata hanya: sarki ya taka f7, ruk na h8 ya shigo tsakiya, shi ke nan ya tsira, har ma ya fara lallaɓa sojan d4. Taku biyu ke nan cif. Masu sharhi ma sun daɗe da nuna cewa da ya taka f7 tun a taku na 16 maimakon c6, da ya fi masa. Wannan jinkirin na taku ɗaya shi ne tsagar bangon.

Steinitz ya buga 17.d5. Ya ba da sojan nan kyauta, sojan da dama nauyi ne a kansa, ya sami abu biyu: layin c ya buɗe wa ruk, gidan d4 kuma ya zama fili doki ya bi ta kansa zuwa e6. Bayan 17...cxd5 18.Nd4 Kf7 19.Ne6, dokin ya zauna a tsakiyar gidan baƙi kamar baƙon da ya ƙi tafiya, ga ruk yana shirin shiga c7. Sai 19...Rhc8 20.Qg4 g6 21.Ng5+ Ke8 22.Rxe7+. Daga nan abin ya zama almara. Bardeleben ya kauce da 22...Kf8, kuma a wannan lokacin duk 'ya'yan Steinitz huɗu suna bakin ci, shi kuma ba zai iya taɓa sarauniyar baƙi ba domin ruk zai ci c1 ya kashe shi ta layin baya. Sai ruk ɗin nan ya yi ta bin sarki: 23.Rf7+ Kg8 24.Rg7+ Kh8 25.Rxh7+. Bardeleben ya tashi ya bar zauren bai dawo ba, Steinitz kuma ya nuna wa 'yan kallo mat da ke tafe cikin taku goma. Duk wannan daɗin labari ne. Darasin yana taku na 17, inda ɗan wasa mai hankali zai iya buga wani taku mai kyan gani, ya wayi gari ba shi da komai.

Ganin lokaci rabin aiki ne, sauran rabin lissafi ne, kuma nan mutane da yawa suke yaudarar kansu. Dubi Emanuel Lasker da Johann Bauer a Amsterdam, 1889, Lasker yana ɗan shekara 20. Bishof ɗinsa biyu suna d3 da e5, duk sun auna gidan sarkin baƙi, sarauniya tana e2, Bauer kuma ya ɓata taku da tura soja a6 can nesa da inda wuta za ta tashi. Lasker ya kai doki h5 domin ya kawar da dokin f6, wanda shi ne babban mai gadi. Bauer ya ci dokin, yana zaton za a rama da sarauniya shi kuma ya tura soja f5 ya rufe ƙofa. Maimakon haka sai 15.Bxh7+ Kxh7 16.Qxh5+ Kg8 17.Bxg7 Kxg7 18.Qg4+ Kh7 19.Rf3, ruk ya hau layi na uku zai zagayo h3. Bauer ya buɗe wa sarauniyarsa hanya ta zo ta tare da jikinta: 19...e5 20.Rh3+ Qh6 21.Rxh6+ Kxh6. Yanzu ƙirga abin da ya rage. Lasker yana da sarauniya da ruk, Bauer yana da ruk biyu da bishof biyu. Da a nan maganar ta tsaya, da ba a san maci tuwo ba. Amma akwai 22.Qd7, wadda ta sa bishof biyun a gaba lokaci ɗaya, dole ɗaya ya tafi. Wannan taku na bakwai bayan sadaukarwar farko shi ne ya halatta ta. Idan kana nazarin wasa irin wannan, ka riƙa neman takun da ke can ƙarshen layi wanda ba don shi ba da duk ginin ya rushe.

Ni kaina na sha wannan ɗacin, shi ya sa nake jaddadawa. Akwai sananniyar dabara ta ba da bishof a h7, wadda ke cikin rubuce-rubucen Gioachino Greco na Italiya tun ƙarni na 17: bishof ya ci h7 da cek, doki ya zo g5 da cek, sarauniya ta zo h5, sai mat. Na haddace ta har ina mafarkinta. A wata gasa, tun ina ganin kaina gwani, na zauna da wani dattijo mai sanyin hannu. Na duba na ga bishof ɗina a d3, doki a f3, dokinsa ya bar f6. Ko minti ɗaya ban yi ba na rafka bishof a h7 har 'ya'yan allo suka girgiza. Ya ci. Na ba da cek da doki, ya koma g8. Na kawo sarauniya h5, na jingina da kujera ina satar kallon masu wucewa ko sun gani. Dattijon bai ko ɗaga kai ba, ya ɗauko bishof ɗinsa daga c8 ya ajiye a f5, yana gadin h7. Shi ke nan. A hotunan da na haddace akwai soja a e6 da ke toshe wannan bishof, a allon da ke gabana babu shi, ni kuma ban duba ba. Na yi awa biyu ina jan wasan da na san na riga na rasa. Tun daga ranar, kafin in ba da komai a h7 sai na bi amsoshin sarki uku, g8 da g6 da h6, sannan in tambayi kaina wane ɗa ne zai iya zuwa f6 ko f5 ya kare gidan.

Yanzu ga yadda za ka zauna da wasa. Zaɓi ɗaya, ka ɗauki gefen wanda ya yi nasara, ka rufe takun da takarda ta yadda layi ɗaya kawai kake buɗewa. Taku takwas ko goma na farko ka wuce su da sauri. Daga nan, bayan kowane takun abokin karawa, kafin ma ka fara tunanin me za ka buga, ka yanke hukunci ɗaya: nan wurin wucewa ne ko wurin tsayawa? Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ainihin abin da kake son koya. A wasanka na gaske ba wanda zai taɓa kafaɗarka ya ce maka akwai wani abu a nan. Abin da ke raba wannan horon da warware matsalolin dabara na manhaja ke nan, domin su an riga an gaya maka akwai nama a dajin. Abubuwan da za su sa ka tsaya ka riga ka gan su a sama: sarki yana tsakiya kuma layi ya buɗe, mai gadi ya bar wurinsa, an tura soja a gaban sarki, abokin karawa ya yi taku a wani gefe can daban, ko 'ya'yanka da ke kallon sarkinsa sun fi masu tsaronsa yawa da biyu. Haka kuma duk inda za a yi musayar sarauniya ko a sauya tsarin sojoji, domin waɗannan ba a warware su.

In ka ce wurin tsayawa ne, sa alama a littafinka, ka ba kanka minti goma zuwa sha biyar, hannu a aljihu, ba taɓa 'ya'ya. Fara da takun da ke tilastawa: kowane cek, kowane ci, kowace barazana, har waɗanda suka yi kama da hauka. Rubuta layin da ka zaɓa har ƙarshensa, tare da amsar da ka fi tsoro daga abokin karawa. Rubutun yana da muhimmanci, domin zuciya maƙaryaciya ce, da ka buɗe ka ga takun gwani za ta ce maka ai ka gan shi. Takarda ba ta yi maka wannan alfarmar.

Bayan wasa goma haka, littafin zai nuna maka irin ciwonka. Wani zai ga cewa wuraren da gwani ya kai hari shi bai ma sa alama ba, ya wuce su kamar ba komai. Maganinsa ƙarin wasanni da waccan tambaya ta taku biyu. Wani yana sa alama daidai amma takun bai taɓa zuwa masa a rai ba, wannan ƙarancin hotuna ne a ka, sai ya dage da matsalolin dabara da sanannun hanyoyin mat. Wani kuma ya ga takun, ya bi shi, ya ɓace a taku na uku ya fasa. Shi lissafi zai yi ta yi ba tare da motsa 'ya'ya ba. Daga yadda ka bayyana kanka, ina zaton na farkon ne ya fi damunka.

Injin kwamfuta kuwa, irin Stockfish da ke kyauta a shafin ces na Lichess, ka bar shi sai ƙarshe, bayan ka gama naka. Kuma ga wani tarko da ba a cika faɗa ba. Zanen nan da injin ke fitarwa, mai hawa da sauka gwargwadon wanda ke da rinjaye, yana nuna inda aka yi kuskure ne kawai. In gwani ya zo muhimmin lokaci ya buga takun da ya dace, layin ba ya motsi, sai ka wuce wurin ba ka san an tsallake rami ba. Dabarar ita ce ka sa injin ya nuna maka zaɓi biyu ko uku a lokaci ɗaya. In na farko da na biyu kusan ɗaya suke, wurin wucewa ne. In akwai tazara babba tsakaninsu, ka kama muhimmin lokaci. A wasannin zamani da ake watsawa kai tsaye akwai ƙarin alama, wato agogo: inda ka ga babban ɗan wasa ya zauna minti ashirin ko talatin a kan taku ɗaya, ka tsaya a wurin ka nemi abin da ya tsayar da shi. Wannan kuma ya shafi naka wasan. In duk wasanninka na minti uku ne, ko ka gane lokacin ba ka da sararin lissafa shi. Ka riƙa buga na minti goma sha biyar da ƙarin daƙiƙa goma, ko fiye, ka kashe lokacinka a wuraren da ka sa wa alama.

Game da wa za ka fara da shi, ra'ayina a fili yake: tsofaffi tukuna. Morphy, Steinitz, Lasker, sannan Alekhine. Dalili shi ne abokan karawarsu sukan bar shirin ya fito gaba ɗaya ka gan shi daga tushe har 'ya'ya, manyan yau kuwa kowa yana toshe na kowa tun kafin ya tsiro, sai mai ido ya san an yi faɗa. Mikhail Tal, ɗan Riga ta Latvia, wanda ya karɓe kambun duniya daga Botvinnik a 1960 yana da shekara 23, ka ajiye shi gaba kaɗan. Da yawa daga sadaukarwarsa an gano daga baya cewa akwai hanyar kare su, shi ya dogara ne da saurin lissafinsa da ruɗa abokin karawa a gaban agogo. Wanda ya kwaikwayi ƙarfin halinsa ba tare da lissafinsa ba, irin abin da ya same ni da dattijon nan zai same shi. Haka wasan Kasparov da Topalov na gasar Wijk aan Zee ta ƙasar Holland a 1999, wanda kowa ke ambato saboda 24.Rxd4. Ka kalle shi don nishaɗi, amma ka lura da abu ɗaya: wurin muhimmin lokaci ne ga mai tsaro ma, domin da Topalov ya ƙi cin ruk ɗin ya taka sarki b6, da wasan bai tafi yadda ya tafi ba. In kana son na tsakiya, ɗauki wasan Donald Byrne da Bobby Fischer na New York a 1956, Fischer yana da shekara 13. Ana tuna shi da ba da sarauniya a taku na 17, amma ka rufe takardar a taku na 11, inda Byrne ya sake motsa bishof ɗin da ya riga ya fito zuwa g5 alhali sarkinsa yana e1, ka ga ko za ka sami 11...Na4 da kanka.

Wasa ɗaya a mako ta wannan hanya ya ishe ka. Ga na wannan makon, Edward Lasker da George Thomas, Landan, 1912. Wannan Lasker ɗin daban ne da Emanuel.

1.d4 e6 2.Nf3 f5 3.Nc3 Nf6 4.Bg5 Be7 5.Bxf6 Bxf6 6.e4 fxe4 7.Nxe4 b6 8.Ne5 O-O 9.Bd3 Bb7 10.Qh5 Qe7

Thomas ya lissafa cewa in doki ya ci f6 da cek zai rama da sojan g7, sarauniyarsa ta gadi h7 ta kan layi. Kai ke da fari. Akwai hanyar da kowane taku cek ne, tana jan sarkin baƙi daga g8 har zuwa g1, a kashe shi a taku na 18. Rubuta ta duka kafin ka taɓa ko ɗa ɗaya. In ka gama, juya allon ka zauna a kujerar Thomas a taku na 10, kafin ya taɓa sarauniyarsa, ka nemo abin da ya kamata ya buga. Ka fara da duban dokin da ke e5.